Yadda ake naɗa rawani da kanka, tun daga zaɓen ƙyalle har zuwa amawali

Jama'a assalamu alaikum. Duk sanda sallah ta ƙarato ko anka sa ranar naɗin wata sarauta nan Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega, abu guda ke maimaita kanshi, samari riƙe da ƙyalle cikin leda suna yawon neman mai naɗa musu, tsoho guda ne ya iya a unguwa kuma tun da asuba an cika ƙofar zaurenshi, wasu kuma sun haƙura sun sayi ɗinkakke wanda ake kifawa a kai a tahi. Abin na damuna gaskiya, don naɗin rawani ba wani ilimin ɓoye ba ne, aikin hannu ne kawai, kuma in tsofaffin nan sunka kau ba mu koya ba to wa zai naɗa ma ɗiyanmu ranar saukar karatu? Shi ya sa zan bi abin daki daki, ka samu ƙyalle da madubi ka riƙa bi kana gwadawa.

Kafin ka taɓa ƙyalle, fara sanin wane naɗi ne naka

Wanga shi ne matakin da yara ke tsallakewa, su ga hoto a Facebook ya burge su kawai su kwaikwaya. A ƙasar Hausa rawani magana yake, mai kallo daga nesa zai gane malami ne ko basarake ko dogari ko bafatake. Naɗin malamai da limamai da alƙalai daban, mafi yawa fari ne ba hayaniya, da jela a baya ko a kafaɗa. Na hakimai da masu sarauta shi ne babba mai amawali da ke rufe haɓa. Mai kunne biyu a tsaye kuwa a mafi yawan masarautu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, kuma ko nan jihar Kebbi da muke da masarautu 4, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kowace fada da nata tsarin, balle ka ƙetara Anka ko Gummi ko Talata Mafara. To in fada za ka, tambayi wani dattijo na gidan tukuna, ka ce baba wane iri ya kamace ni, ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne dogari ya jawo ka gefe cikin taro ya ce kwantar da kunnen nan. Jan rawani ma ka bar ma dogarai abinsu in dai taron sarauta ne.

Kuma ba mu kaɗai ke da irin wanga tsari ba. A Iran da Iraƙi malamin Shi'a mai baƙin rawani alama ce ta sharifi ne, jinin gidan Annabi (SAW), sauran malamai fari suke sawa. Malaman Azhar a Masar jar dara suke sawa da farin ƙyalle siriri naɗe a gindinta, da ka gani ka san inda mutum ya yi karatu. Don rawani na da nauyi haka ne ma gwamnatin Mustafa Kamal a Turkiyya ta yi dokar hula a 1925 ta hana jar dara, rawani kuma ta bar shi ga ma'aikatan addini kawai.

Ƙyalle

In kai sabon shiga ne nemi harsa fara, mara nauyi, wadda in ka ɗaga ta ga rana kana hango hannunka ta ciki. Auduga ita ce gaskiya, tana kama junanta kuma tana shan zufa. Ka guji yadin roba mai santsi da sheƙi, wallahi komi iyawarka zamewa zai yi, ga zafi, mu da ke fama da ranar Maris da Afrilu ba ma buƙatar ƙarin wuta a kai. Yadi 4 ya ishi naɗin malamai, mai amawali kuma ka nemi 5 zuwa 6 don haɓa kaɗai tana cin kusan yadi guda. Kada ka fara da dogo sosai wai don ya yi girma, hannunka zai gaji tun ba ka kai rabi ba sai ka fara sassautawa ba ka sani ba.

Sabon ƙyalle a wanke shi sau guda kafin a naɗa don sitacin kanti ya fita, bakin da anka yanka da almakashi kuma a kai ma tela shi kalmashe siriri, in ba haka ba zare zai riƙa sauko maka a ido.

Akwai kuma baƙin nan mai walƙiya, ɗan Kura, wanda ake rinawa da baba a buga shi a mabuga har ya yi sheƙi, daga garin Kura na jihar Kano yake fitowa kuma tun zamanin fatake Buzaye ke sayenshi suna haurawa da shi Agadas. Shina da kyau ƙwarai amma ba na koyo ba ne, shunin na zuba a hannu da goshi da wuyan riga, kuma duk warwarewa da sake naɗawa rage mishi sheƙi take. Bari sai hannunka ya faɗa.

Hular ƙasa

Rawani ba ya zama kan banza, tagiya ce ginshiƙinshi. Mafi kyau dara, ja ko baƙa, don tana da tauri da tsawo kuma gashin jikinta na riƙe ƙyalle. In babu, ƙube mai ƙarfi ma ta yi, amma banda hula mai laushi da ke lanƙwashewa da banda wadda ta yi maka yawa. Ga gwajin da nake ba kowa: sa hular, sunkuya awa za ka yi ruku'u, girgiza kai. In ta motsa to canza ta, don duk abin da ka ɗora bisanta tare za su faɗo. Ta zauna yatsa biyu sama da gira, kada ta danne kunne. In gashinka ya taru ka je wurin wanzami ko shagon aski tun jiya, kan da anka aske ya fi riƙe hula.

Mutanen Sudan ma haka suke, farar tagiya a ƙasa sannan dogon farin rawani da suke ce ma imma a sama da jallabiya, Larabawan Saudiyya ma akwai 'yar farar hula ƙarƙashin hiraminsu.

Tattara ƙyallen

Nan ne kyawon naɗi yake, tun kafin ya hau kai. Kira ƙanenka ko abokinka ya riƙe baki guda kai ka riƙe guda, ku ja da baya har ƙyallen ya miƙe sosai, sannan kowa ya riƙa tattaro faɗin da yatsu kaɗan kaɗan, gefen biyu ana tura su ciki don kada bakin ɗinki ya fito waje, har faɗin ya dawo kamar tafin hannu. Ku ɗan ja ku saki, ku ja ku saki, ninkin zai kwanta da kanshi. In ba kowa kusa, ɗaura baki guda ga ƙarfen taga. Tattarawa na ce, ban ce murɗawa ba, in ka murɗe shi tamau zai fito maka kamar gammo, ba cika ba kwarjini.

Mabiya addinin Sikh na yankin Panjab a Indiya sun ƙware a wanga mataki, mutum biyu ke jan ƙyallen mita 5 ko fiye suna naɗe gefensa ciki kafin a ɗora. Su rawani wajibi ne a addininsu, tun 1699 da jagoransu na goma Guru Gobind Singh ya kafa musu ƙa'idar barin gashi ba aski, sai su tattare gashin a tsakar ka su rufe da ƙaramin ƙyalle su naɗa babban a sama, kuma kullum safiya sabon naɗi suke yi. Sun riƙe abin da gaske har Ingila ta yi doka a 1976 ta ɗauke musu sa hular kwano in suna bisa babur, kuma Manmohan Singh, guda daga cikinsu, ya yi firaministan Indiya daga 2004 zuwa 2014 da shuɗin rawaninshi ba wanda ya taɓa ganin ya ajiye. Abin da nake so ka ɗauka wurinsu dabara ce guda, suna cije bakin ƙyallen da haƙori lokacin naɗi don hannu biyu su samu sakewa, kai ma yi hakan za ka ga sauƙi.

Naɗin farko, na malamai

Da shi za ka fara ko da sarauta kake jira, don duk sauran daga shi sunka fito. Tsaya gaban madubi, ka riga ka sa rigarka, don babbar riga ba ta shiga ta kan rawani sai ta rushe shi. Sauran ƙyallen ka sa shi bisa kafaɗa ko bisa kujera kada ya ja ƙasa. Yi bisimilla.

Auna kamu guda daga bakin ƙyallen, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, wannan ita ce jela. Ɗora wurin da ka auna a ƙeya daidai bakin hula, jelar ka zagayo da ita ta kafaɗar hagu ka cije. Da hannun dama ka jawo dogon ɓangaren ta saman kunnen dama, ya bi goshi daidai bakin hula, ya wuce saman kunnen hagu, ya koma ƙeya ya hau kan inda ka fara ya danne shi. Wanga zagaye na farko shi ne komi, ka ɗame shi sosai, rabinshi na kan hula rabi na kan fata, har ka ji hula ta kama kai. In ya yi sako-sako kada ka ci gaba da fatan na sama za su gyara, ba za su gyara ba, warware ka sake.

Zagaye na biyu ba a miƙe zai tahi ba, karkata shi za ka yi, ya sauko ƙasa ta kunnen dama ya hau sama ta hagu. Na uku kuma akasin haka, sama ta dama ƙasa ta hagu, sai ka ga sun gicciye a tsakiyar goshi daidai saitin hanci. Duba madubi nan, in gicciyen ya kauce gefe to tura shi da babban yatsa tun yanzu. Haka za ka ci gaba, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasa da shi yana hawa sama sannu sannu, kuma duk sanda ƙyalle ya zo goshi ka dafe shi da hannun hagu kafin dama ta kai shi baya, kada ka taɓa sakin duka biyu lokaci guda. Ƙarfin ɗamewa kuma raguwa yake yana hawa, na ƙasa tamau, na tsakiya madaidaici, na sama a ɗan sake a baza shi da yatsu don ya ba da cika. Masu koyo juyawa suke, su bar ƙasa sake su matse sama, sai rawani ya tsuke ya yi tsini kuma kafin azahar ciwon kai ya kama su.

In saura taƙi guda ko biyu, tsaya. Nemi zagayen da ke ƙasa da na ƙarshe ta baya ko ta gefe, buɗa shi da yatsa biyu, cusa bakin ciki sosai har ya ɓace. Ba a buƙatar fil ko allura, in ka ga sai da fil yake tsayawa to gindin ne bai kamu ba. Saki jelar daga baki ka mayar da ita baya ta sauka tsakanin kafaɗu. Hakan na da asali, Tirmizi ya ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) in ya naɗa rawani yakan saki jelar tsakanin kafaɗunshi, Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa ranar buɗe Makka ya shiga da baƙin rawani. Tsakar hular in ka so ka bar ta a buɗe jan dara na leƙowa, in ka so ka baza zagayen ƙarshe ka rufe ta kafin ka cusa. Sai ka maimaita gwajin ruku'u.

Mai amawali

To nan ne aiki yake, kuma nan ne ake gane wanda ya zauna da manya. Bambancinshi da na farko daga farawa ne. Maimakon ƙeya, bakin ƙyallen a tsakar ka za ka ɗora shi, ka bar kamar taƙi guda ya yi saura a sama, ka dafe da hannun hagu ko wani ya dafe maka. Sauko da ƙyallen ta gaban kunnen hagu, a nan sai ka buɗe tattarar da kunka yi, ka baza shi ya yi faɗi, ka bi da shi ƙarƙashin haɓa, ka hau da shi ta kumatun dama ya rufe kunne ya koma tsakar ka. Abin lura, kada ka matse haɓa. Sa dunƙulen hannunka tsakanin haɓa da ƙyalle, in bai shiga ba ƙara saki, don wanga sakin shi ne amawalin, da shi za ka ja ka rufe baki kuma shi ke saukowa bisa ƙirji ya ba riga kyau. Wanda ya matse za ka gan shi a taro ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jiki duka, ga gaisuwa ba ta fita.

Daga tsakar ka sai ka sake tattare ƙyallen, ka sauko da shi ƙeya ka fara zagaye irin na ɗazu. Zagayen farko yanzu aiki biyu yake, yana kama hula kuma yana danne ɓangarorin amawali biyu a saman kunnuwa, don haka kafin ka ɗame shi tsaya ka daidaita su a madubi, hagu da dama su zo daidai, ka buɗe baki ka rufe, ka juya wuya, in komi lafiya sannan ka ja. Bayan an ɗame ba a gyara amawali sai an warware. Sauran zagayen kamar yadda na faɗa ne sai dai an fi baza su don naɗin sarauta na son faɗi.

Ƙarshen ƙyallen ka cusa shi daga ƙasa ya ɓullo sama kusa da bakin farko da ka bari a tsakar ka. Ga baki biyu ke nan a sama. Wanda gidansu ke da ikon kunne biyu sai ya ja su sama ya baza kowane da yatsu su tsaya, ɗan sitaci na taimakawa nan. In kai ba ɗan gidan ba ne, lanƙwasa su ka tura cikin naɗin su kwanta, rawaninka bai ragu da komi ba. Ni dai ina ganin mutunci ne mutum ya tsaya inda Allah ya ajiye shi, Hausawa ma sun ce girman kai rawanin tsiya.

Jan amawali kuwa da yatsa biyu ake kama bakin sama a ɗago shi bisa leɓe ko har hanci. Sarki kan rufe baki a zaman fada, kai kuma in ka zo gaishe da shi ko wani babba saukar da naka ƙasan haɓa kafin ka durƙusa ka ce ranka ya daɗe. In kana son ganin naɗi kala kala a fili guda, je Argungu lokacin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ka tsaya kusa da inda hakimai ke sauka daga mota ko doki ka kalli bayan kawunansu, don a baya ne ake ganin inda kowa ya soke nashi.

Na Buzaye, don hunturu da tafiya

Mu da ke maƙwabtaka da Nijar ta Kamba da Kangiwa mun saba ganinshi, kuma manomi da ɗan kabu-kabu da mai kiwo ya fi kowa buƙatarshi in ƙura ta taso. Shi ba ya son hula. Yafa ƙyallen a buɗe bisa kai, gajeren ɓangare kamar kamu biyu ya sauko ta kafaɗa guda, dogon ta ɗaya. Kama dogon a gefen goshi, nan an yarda ka ɗan murɗa, ka zagaya kai da shi sau uku ko huɗu ka soke. Gajeren sai ka ɗauko shi ka bi da shi ta kan hanci ka soke a ɗaya gefen sama da kunne, ido kawai ya rage. A wurin Buzaye namiji ne ke rufe fuska ba mace ba, yaro in ya balaga ake naɗa mishi, kuma gaban surukai ko manya ƙara jan shi sama suke, kunya ce.

Amma don Allah ga wata magana mai muhimmanci, da halin tsaron da muke ciki musamman hanyoyin Zamfara, in ka doso shingen jami'an tsaro ko za ka shiga garin da ba a san ka ba ko banki ko asibiti, sauke abin fuskar tun daga nesa. Mutane a tsorace suke, kada ƙura ta sa ka jawo ma kanka abin da ya fi ƙura.

Hirami kuma ba shi da wuya, murabba'i ne, ninka shi kusurwa zuwa kusurwa, ɗora tsakiyar ninkin a goshi bisa 'yar hula, gefe biyu su zo daidai. Mutanen Saudiyya da Jodan baƙar igiya suke ɗorawa mai zagaye biyu ta danne shi, nasu fari ko mai ja da fari, na Falasɗinawa mai baƙi da fari wanda Yasir Arafat ya sa duniya ta sani. Mutanen Oman ba sa sa igiya, naɗe shi suke, kuma shi ya fi dacewa da mai aiki: kama gefen dama ka kai shi baya ka zagayo ta goshi ka soke, na hagu ma haka.

Alwala da sallah

Tambayar da aka fi yi ke nan, sai na warware duk sanda zan yi alwala? Mafi sauƙi ka yi alwala kafin ka naɗa. In ta karye, naɗin malamai ana ɗaga shi gaba ɗaya da hular da hannu biyu a ajiye a wuri mai tsabta a yi shafa a mayar, shi ya sa na dage kan gindi ya kamu. Akwai hadisin Mugira a Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi shafa bisa makwarkwaɗa da rawani, amma mu nan Malikiyya muke bi, kuma malamanmu ba sa barin shafa bisa rawani kawai sai in akwai larura, to mai amawali da ba ya ɗaguwa sai ya zauna da malaminshi ya ji hukuncin halin da yake ciki. In za ka tada kabbara sauke amawali, an hana rufe baki cikin sallah, kuma ka tura naɗin sama kaɗan goshi ya samu taɓa ƙasa a sujada. Maniyyata kuma ku tuna, namiji da ya ɗaura harami ba hula ba rawani har sai ya sauke.

Ɓangaren iyayenmu mata

Ba zan yi musu karambani ba, sun fi mu hannu nesa, amma ga ƙannenmu masu koyo, ƙa'idar guda ce da tamu, gindi ya kamu. A kwantar da kitso, a sa 'yar hular ciki in kallabin mai santsi ne. A ninka kallabi kusurwa zuwa kusurwa ko a kalmashe baki guda in na atamfa ne, a ɗora ninkin a goshi, a kai gefe biyu ƙeya a gicciya su bisa wutsiyar da ta sauko, a ɗaure sau biyu, sannan a gyara sama yadda ake so, ko a turo shi gaba irin ture-ka-ga-tsiya ko a ɗaga shi irin ɗaurin Maryam Babangida da iyayenmu sunka yi yayi. Gwaggwaron biki da munka aro wurin Yarbawa shi daga ƙeya ko goshi ake farawa ana jera ninki ɗaya bisa ɗaya, kuma ya fi son hannun mutum na biyu. Sai gyale ko hijabi ko lafaya a sama in za a fita.

Rufe kai ga mace ma ba Musulmi kaɗai ba ne. Je Zuru ranar Lahadi ka ga matan zumunta da ɗaurinsu iri ɗaya za su coci, suna dogara da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa sura 11, sistocin Katolika ma da lulluɓinsu. Yahudawa masu riƙo da addini matan aurensu na rufe gashi, mazan kuma da 'yar hula ƙarama a tsakar ka. Faransa a 2004 ta hana duk waɗannan a makarantun gwamnati, hijabi da hular Yahudawa da rawanin Sikh gaba ɗaya, mu kuma nan kotun ƙoli a 2022 ta tabbatar ma ɗalibai mata na jihar Legas 'yancin sa hijabinsu.

Cirewa da ajiya

In ka dawo gida kada ka tuɓe shi a dunƙule ka rataya a ƙusa har sati, zufa na cin ƙyalle kuma ninkin na zama tabo. Zaro bakin da ka soke, warware a hankali kana naɗe shi a hannu, sannan ka shanya shi a inuwa ya sha iska. Farar harsa da hannu ake wanke ta, a jiƙa da sabulu a matse a hankali banda cuɗa da ƙarfi, a sa bula kaɗan a ruwan ɗauraya, sitaci ma kaɗan, in ya yi yawa ƙyallen zai riƙa karyewa maimakon kwanciya. A goge tun da ɗan danshi, a ninke a tsawo. Dara kuma buroshi ake sa mata a kife ta inda ba abin da zai danne ta.

Ɗan Kura shi ba a kai shi ruwa sam, ranar da ya shiga ruwa sheƙin ya tahi. Iska kawai zai sha a inuwa, a mayar da shi kan ninkinshi na asali, a naɗe cikin takarda a sa ƙasan akwati nesa da fararen kaya, in ya dushe sai a aika da shi mabuga a sake buga shi. Kuma ranar da za ka sa shi, ɗora wani tsohon ƙyalle a wuyan farar rigarka har ka gama naɗi ka wanke hannu sannan ka cire.